Neman shawara: injin Fox .35 yana girgiza a hancin tsohon Ringmaster

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ana gyaran tsohon Ringmaster, jirgin wasan nan na Amurka da ake tuƙawa da wayoyi biyu yana zagaya mai riƙe da shi. An ɗora masa Fox .35, amma yana tashi sai kusoshi su kwance, hanci ya yi ta rawa. Yaya mutanen dā suke ɗaure shi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, bar kusoshi tukuna, duba katakon. Gangar jirgin allo ɗaya ce mai kaurin rabin inci ta balsa, wani katako marar nauyi, balsa kuwa ba ta riƙe inji. Shi ya sa ake tsaga hancin a dasa sanduna biyu na katako mai tauri, galibi na itacen maple, kowanne inci 3/8 ta gefe ɗaya, inci 1/2 ta ɗaya gefen, a lulluɓe gefe da gefe da filawud. A kansu kunnuwan injin, wato ɓangarorin da ke da ramukan kusa, ke zama, silinda a kwance tana kallon wajen da'ira, da kusoshi huɗu masu lamba 4-40.

Abin da ke kashe su man zurma ne. Man da injin Fox ke sha kusan kashi ɗaya cikin huɗu zurma ce ko fiye, shekara da shekaru tana ratsa katakon har ya yi laushi. Danna farce. In ya nutse, ɗauri ya ƙare: ka ƙara matsewa, kunnen injin ya ƙara shigewa. Cire sandunan, yanka sababbi da suka zarce zuwa gaban fiffike, manna da gam ɗin efoksi mai jinkirin bushewa, ka shafe har cikin ramukan kusa kafin mai ya taɓa su.

Amsa ta biyu: Haka ne. Ƙari a kai, sa ɗan farantin alminiyam mai kaurin inci 1/8 ƙarƙashin kowane kunne. Kuma sandunan su zama daidai wa daida, domin in ɗaya ta fi tudu, matsewa na murɗe jikin injin ya riƙa zafi. A jirage masu rufaffiyar ganga, inda hannu ba ya kaiwa, tsohuwar dabara ita ce a liƙe notuna da dalma a jikin guntun gwangwani don kada su juya.

Amsa ta uku: Wasu za su ce ka cusa ɗan zoben ƙarfe (washa) ƙarƙashin kunnen injin a wajen kusoshin gaba don injin ya karkata waje, wayoyi su miƙe. An yi hakan sosai, amma ban so shi ba, zoben na cin katako. Goge farantin alminiyam ɗin ya zama mai gangare, digiri ɗaya zuwa biyu ya isa.

Sannan ka duba ko nauyin farfela ya daidaita gefe da gefe, wani lokaci ita ce mai laifin. Tanki kuma tsakiyarsa ta yi layi da allurar da ke daidaita shigar mai cikin injin. In injin ya fi gudu sa'ad da jirgin ya kife, sauke tankin kaɗan, in a miƙe ya fi gudu, ɗaga shi, inci 1/32 kowane gwaji.