Gashin kyanwata yana zubewa: in jira gwaji ko a fara magani?

Mai Kyanwa: Assalamu alaikum. Mako biyu ke nan gashin kyanwata yake zubewa a bayan kunne, wurin ya yi da'ira yana fitar da ɓawo, amma ba ta cika sosawa ba. Likitan dabbobi ya haska wurin da fitilar Wood (fitila ta musamman da take sa gashin da wasu nau'o'in makero suka kama ya yi hasken kore) a cikin duhu, gashin bai yi kore ba. Duk da haka yana zargin makero, kuma yana so ya ciri gashi a kai ɗakin gwaji, sakamakon yana iya ɗaukar mako uku. Ina da yara ƙanana. In jira ko a fara magani?

Mai Karnuka: Ƙuma ce, 'yar'uwa. Ki ɗiga mata maganin da nake sa wa karnukana.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Kada ki kuskura. Wasu magungunan ƙuma na karnuka suna ɗauke da sinadarin permethrin, wanda yake kashe kyanwa. Rashin hasken kore kuma bai kawar da makero ba, domin ba kowane nau'insa yake haskawa ba, kuma yana kama mutane.

Dattijo: Ni dai an cuce ni. Wani likita ya kalli karena daga nesa, ya yi masa allurar rage ƙaiƙayi mai siteroyid. Sosawar ta tsaya, amma cikin wata guda fatar ta yi baƙi tana fitar da mugunya. Sai da wani ya kankare fatar da reza har jini ya ɗan tsattsafo, ya duba a madubin likita, sannan aka ga ƙwayoyin ƙazuwa na Demodex, waɗanda allurar ta ba su damar yaɗuwa. Kankarar kuwa ba ta kai kuɗin allurar ba.

Mai Karnuka: Baba, a wurinmu kuɗin gwaji ya ninka na magani.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Malam, wanda ya kira makero ƙuma bai ga dabbar ba, shi ne zai yi mana lissafi?

Mai Karnuka: Hajiya, shekara 12 ina kiwo.

Ɗalibi: Kyanwar ce kaɗai ba a ji ra'ayinta ba.

Dattijo: Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, likitan farko bai rubuta sunan allurar ba, sai da na koma sau biyu kafin ya faɗa.

Mai Kyanwa: Yanzu ɗana ya nuna mini wata da'ira ja a hannunsa.