Silain yana ba ni ruwan sama ƙasa da sifili, don Allah a taimaka

Ɗan_Lissafi:
Salamu alaikum 'yan uwa, ina da datar ruwan sama ta kullum daga wata tasha, malamina ya ce in samar da shekarun kwaikwayo masu kama da na gaske. Na haɗa CDF (wato layin da ke nuna yiwuwar ruwan rana ɗaya ba zai wuce wani adadi ba) daga datar na juya shi, na ɗora silain (lanƙwasasshen layi mai bi ta kan ɗigogin data) na CubicSpline da ke SciPy, laburaren Python, a kai, sai in jefa lambar randam tsakanin 0 da 1 in karanta milimita nawa ta ba ni. To amma wasu ranakun sai in ga -3, ruwan sama kuma ta ina zai zama ƙasa da sifili?

Malam_Kod:
Wa alaikumus salam. Hanyar taka daidai ce, silain ɗin ne matsalar. CubicSpline burinsa kawai layi ya lanƙwasa sumul, bai damu ba ko ya zarce ɗigon ya nutse ƙasa ya dawo, alhali CDF ba ya taɓa saukowa, juyayyensa ma haka. Sauya zuwa PchipInterpolator, shi ba ya wuce gona da iri, in ɗigogin suna hawa shi ma hawa kawai zai yi. A manhajar R kuma splinefun da method="monoH.FC", hanyar Fritsch da Carlson ce ta 1980.

Yaya_Data:
Ƙanena ko ka sa PCHIP ɗin akwai sauran rina a kaba, ranakun da ba a yi ruwa ba fa? duk rani sifili ne zalla, CDF ɗinka tsalle yake yi a wurin nan kuma babu silain da ke son tsalle. Raba aikin biyu, fara jefa lamba ɗaya ta yanke ko yau an yi ruwa, kuma kowane wata da yiwuwarsa don Agusta ba Janairu ba ce, in an yi sannan ka jefa ta biyu cikin silain na ranakun ruwa kaɗai.

Ɗan_Lissafi:
Na gode Yaya, negatif ɗin ya ɓace. Amma na lura ba ya taɓa ba ni ruwan da ya fi mafi yawan da ke cikin datar.

Malam_Kod:
Ai ba zai ba ka ba, iyakarsa ɗigon ƙarshe, kuma kar ka bar shi ya yi hasashe bayan nan, shirme zai kawo maka. In ambaliya ce damuwar malaminka, daidaita gamma (wani tsarin yiwuwa mara iyaka ta sama) a kan ranakun ruwan ka miƙa wa NumericalInverseHermite da ke scipy.stats.sampling, shi zai zaɓi ɗigogin da kansa. Bayan nan ka gwada datar kwaikwayon da ta gasken da ks_2samp ka turo mana abin da ya fito.