"Labarin zuciya a tambayi fuska": ta shafi addu'ar ɓoye?

Uwar Biyu: Salama 'yan'uwa. Bayan sujada wata 'yar'uwa ta ce mini wai da ganin mutum ana gane ko yana addu'a a ɓoye, har ta kawo karin maganar nan. Abin ya tsaya mini a rai, don ni ba na kuka in ina addu'a, ba na kuma ɗaga murya. Nan ne gurbin maganar kuwa?

Dattijo: 'Yata, an yi ta ne don abin da ba ya ɓoyuwa, kamar fushi da murna. Ka shiga gida ka tarar an murtuke fuska, ba sai ka tambaya ba. Amma a kan addu'a ina tsoronta. Eli firist ne guda, yana zaune a Shilo ya ga leɓunan Hannatu na motsi, ba a jin muryarta, sai ya ce ta bugu. Alhali baiwar Allah kukan rashin haihuwa take kai wa Ubangiji. Ki duba 1 Sama'ila sura 1. In firist ya karanta fuska ya yi kuskure, ina ga mu?

Ɗalibi: Gaskiyarku Baba. Fuska ma ana koya mata ƙarya. A Matiyu 6 Yesu ya yi zancen masu son tsayawa addu'a a majami'u da kan hanya don a gan su, da masu ɓata fuska in suna azumi. Mu kuwa cewa ya yi mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa, mai azumi ya wanke fuskarsa. Ni na fi ganin dacewar "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo". Abin da nake faɗa wa Allah in na rufe ƙofa, ko aminina bai sani ba.

Gwaggo: Ku dakata, kun bar labarin Hannatu a tsakiya. Aya ta 18 fa? Da ta gama ta tashi ta ci abinci, baƙin cikin ya bar fuskarta, kuma a lokacin ko cikin Sama'ila ba ta ɗauka ba. Ni kaina shaida ce. Na yi shekaru ina riƙe da wata a zuciya. Na fara ambatonta a addu'a da asuba, da farko sunan ma da ƙyar yake fita, wani lokaci sai in yi shiru kawai a durƙushe. Ban gaya wa kowa ba. Bayan watanni 'yata ce ta ce, "Mama, yanzu in an ambaci matar nan ba kya canza fuska." To, ba labarin zuciya ba ne fuska ta bayar?

Ɗalibi: Na karɓa, Gwaggo. Sai dai wata ce ta gani, ba ke kika nuna ba. Musa ma da ya sauko daga Dutsen Sina'i fuskarsa na haske, Fitowa 34:29 ta ce shi bai sani ba.

Ɗan Mawaƙa: To Daniyel fa? Tagoginsa a buɗe suke wajen Urushalima, sau uku a rana yana durƙusawa, har maƙiyansa suka same shi a kai.

Dattijo: Ɗana, haka ya saba tun kafin sarki Dariyus ya sa hannu a dokar da ta hana yin addu'a ga kowa in ba ga sarki ba. Bai buɗe taga don a gan shi ba, ya dai ƙi rufewa don tsoro. Amma har yanzu ban yarda a auna addu'ar wani da fuskarsa ba. Akwai masu aminci da ke fitowa daga ɗaki da nauyinsu yadda suka shiga, gobe su sake komawa.

Uwar Biyu: Baba, ina cikinsu. Shekara biyu ke nan ina roƙon abu guda a kan ɗana, shi ya sa maganarta ta yi mini ciwo. Gwaggo, ki sa ni a taki ta asuba.