Waƙar Bowie ce har yanzu, ko ta koma hannun Nirvana?

Habu: Jama'a, na faɗa kuma ba zan janye ba. "The Man Who Sold the World" da ƙungiyar mawaƙan Amurka Nirvana suka rera a gaban jama'a a shirin MTV Unplugged ta fi ta mawaƙin Birtaniya David Bowie nesa ba kusa ba. Tun daren 18 ga Nuwamba 1993 a New York waƙar ta bar hannunsa.

Yaya Ladi: Habu, zanen aro ba ya rufe katara. Bowie ya fitar da ita a 1970, lokacin Kurt Cobain, jagoran Nirvana, yana ɗan shekara uku. Kiɗan jitar nan da ke tsuma ka, Mick Ronson, makaɗin jitar Bowie, shi ne ya fara kaɗa shi.

Habu: Ai ban ce ba shi ya haife ta ba, Yaya. Maganar raino nake yi. Wa ya san ta kafin nan?

Malam Isa: An san ta mana, kai ne ba a haifa ba. Mawaƙiya Lulu ta rera ta a 1974, ta kai mataki na uku a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, kuma Bowie da Ronson ne suka shirya mata.

Zainab: Ni kunnena nake bi. A ta asali an bi da muryar Bowie ta cikin na'ura, tana fitowa kamar daga ƙasan rijiya, sanyi ƙalau, ka rasa mutum ne ko inuwarsa. Cobain kuwa murya a dishe, ga babban gogen Lori Goldston yana bin sa a hankali, har ɗan tuntuɓen da yatsansa ya yi a kan jita an bar shi a ciki. Waƙar mutumin da ya yi kiciɓis da kansa ce, shi kuma Cobain sai ka ji kamar a ransa abin ke faruwa.

Yaya Ladi: To ai nan gizo ke saƙar. Mutuwarsa ce ke yi muku aiki. Ya rasu a Afrilun 1994, kundin shirin ya fito a Nuwamba, kowa ya ga baƙaƙen kyandirori da furanni a dandalin ya ce wasiyya ce. Kuma wai Unplugged, wato kiɗan da ba lantarki, alhali jitarsa a jone take da amsa-kuwwa.

Zainab: Wannan kam gaskiyarki, Yaya.

Malam Isa: Bowie da kansa ya yi ƙorafin cewa yara kan same shi bayan wasa suna yaba masa don ya rera waƙar Nirvana.

Habu: Malam, ka kawo min hujja da hannunka ke nan!

Malam Isa: Hujjar rashin sanin yaran dai. Koma ka saurari ƙarshenta, Cobain na gamawa ya faɗa wa mutane cewa waƙar David Bowie ce.

Habu: Ladabi ne kawai. Yaya, tsakani da Allah, wacce ce a wayarki?

Yaya Ladi: Duka biyun. Kada ka tambaye ni wacce na kunna jiya.