Neman kalmar Hausa: me za mu kira "virtual desktop"?

Injiniya Bala, Wuse: Salamu alaikum. Ana rubuta wa ma'aikata masu aiki daga gida takardar horo da Hausa, sai wannan kalma ta gagara. Abin da ake nufi shi ne kamfani ya yi hayar kwamfuta mai Windows a cibiyar Microsoft ko Amazon, irin Windows 365, Azure Virtual Desktop ko Amazon WorkSpaces. Manhajoji da fayiloli duk suna can. Hoton allo kaɗai ke zuwa wa ma'aikaci, shi kuma latsin kibod da motsin mawus yake turawa. Shawarata: "kwamfutar nesa".

Hajiya Rabi, Garki: Wa alaikumus salam, Injiniya. "Kwamfutar nesa" za ta rikita su. Da yawansu sun saba shiga kwamfutar ofis daga gida da manhajar AnyDesk, wadda in Nepa ta ɗauke wuta a ofis shi ke nan. Ranar da "virtual desktop" ɗin ta ƙi buɗewa, maigadi za su kira ya je ya kunna, alhali matsalar intanet ɗin gidansu ce.

Ɗanladi, Kubwa: To "kwamfutar bogi" fa, tunda ba a taɓa ta da hannu?

Malam Sabo, Gwarimpa: A'a, Ɗanladi, bogi jabu ne. Wannan kuwa kwamfuta ce sosai: an yanko mata kaso daga saba, wato babbar kwamfutar da ke cibiyar, misali furosesa 2, RAM gigabait 8, ma'ajiya gigabait 128, kuma kamfani na biyan kuɗinta. "Kwamfutar haya" ma ta zo min, amma mutane za su ɗauka ta kafe ce. Ni dai "kwamfutar gajimare" nake gani, tunda "cloud" ake ce wa irin wannan hidima ta intanet da Turanci.

Hajiya Rabi: Malam, tsorona da "gajimare" shi ne a ɗauka bayanan suna yawo a iska. Suna cikin gini ne a wata ƙasa. Cibiyoyin Azure na Microsoft suna Johannesburg da Cape Town tun 2019, ta Amazon tana Cape Town tun 2020. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, don haka wajibi ne mai kamfani ya san inda nasa suke.

Malam Sabo: Wannan gaskiya ne, Hajiya, amma aikin jimlar bayani ce, ba na suna ba. Kuma nisan nan shi ma'aikaci zai fi ji a jikinsa. Daga Abuja saƙo sai ya bi ta Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya je ya dawo. In zuwa da dawowar bai kai milisakan 150 ba (milisakan 1000 ne sakan ɗaya), aikin ofis yana tafiya lafiya. Ya haura 200, sai ka buga harafi ka tsaya jiran ya fito. Faɗin intanet ba shi ne damuwar ba, megabit 1.5 zuwa 5 a sakan ya ishi rubutu da lissafi. Jinkiri ne ke ɓata aiki, musamman ga mai MiFi da yamma in layi ya cika. Kowa ya tuna yankewar wayoyin teku a Maris 2024.

Injiniya Bala: Na karɓi "kwamfutar gajimare". Saura rabe-rabenta biyu. Akwai wadda aka ware wa mutum ɗaya, yadda ya bar ta haka zai tarar. Akwai wadda ake ba duk wanda ya shigo, a wasu kamfanonin ma ana goge ta da zarar ya fita. Nan ake asarar aiki: mutum ya adana fayil a cikinta maimakon OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, gobe babu.

Hajiya Rabi: Ta farko "ta ƙashin kai", ta biyu "ta karɓa-karɓa". Wanda ya ji karɓa-karɓa ya san ba wurin ajiya ba ne. A ƙara a takardar cewa in intanet ya yanke aikin yana nan a buɗe na ɗan lokaci, a sake shiga kawai, kada a tsaya kashe laftof. Firinta da filas kuma wataƙila ba za su yi aiki ba sai mai kula da tsarin ya buɗe musu hanya.

Ɗanladi: Na janye tawa, Hajiya. Jam'inta fa?

Malam Sabo: Kwamfutocin gajimare.