Dan Allah waɗanda suka taɓa zaman ARD a Texas (zaman iyaye da makaranta kan shirin karatun yaro mai buƙata ta musamman) ku ba ni shawara

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema kaina ya kulle. Sadiq zai cika shekara 3 nan da sati biyar, kun san da ya cika 'yan ECI, masu taimaka wa yaran da ba su kai shekara 3 ba masu jinkirin girma, za su sallame mu distirik, wato hukumar makarantun yankinmu, ya karɓe shi. Tun yana wata 20 mai koyar da magana take zuwa mana gida sau biyu a sati, ta OT, mai koya masa amfani da hannu da ayyukan yau da kullum, sau ɗaya, alhamdulillah yanzu yana nuni da yatsa, yana cewa ruwa, in an kira sunansa wani lokacin ya juyo. To jiya suka turo daftarin IEP ɗinsa, wato rubutaccen shirin karatunsa da taimakon da makaranta za ta ba shi, aji na rabin yini, koyon magana minti 30 a sati cikin wasu yara, OT kuwa babu ma ita sam. Alhali likitan da ya tabbatar mana otizim ne ya rubuta yana buƙatar ABA, wato horon gyaran ɗabi'a da koyon abubuwa, awa 25 a sati. Na kira matar da ke kula da fayil ɗinsa ta ce wai abin da suke da shi ke nan. Zaman ranar Alhamis ta sama ne, Babansa yana cewa mu sa hannu kawai kar a ce mun cika rigima mu da muke baƙi. Ni kuma wlh zuciyata ba ta kwanta ba.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba shi lafiya ya raya mana shi. Ki fara da cire maganar baƙunta a ranki, ki gaya wa maigidan ma in ji ni. Ba alfarma suke miki ba, doka ce ta tarayya, IDEA, asalinta tun 1975, ita ta wajabta wa kowane distirik ya ba yaro mai buƙata ta musamman ilimin da ya dace da shi kyauta daga shekara 3. Kuma ke uwa mamba ce a kwamitin nan mai tsara IEP kamar yadda malamar take. Ni jikana ne, shekara shida ina raka uwarsa zaman nan, abin da ya fi cutar da mu a farko kawaici ne, a gaya mana abu mu sunkuyar da kai mu ce to, mu fito mota muna kuka. Kunyar nan ta gida ki bar ta a bakin ƙofa ranar.

Baban Iman:
Gaskiya Hajiya ta faɗa. Maman Sadiq maganar "abin da muke da shi ke nan" ita ce wurin da za ki kama. Tsarin shi ne a fara da buƙatar yaro, a rubuta burin da ake so ya cim ma a shekara, sannan a ga wane taimako zai kai shi can, ba wai a duba jadawalin makaranta a cusa shi inda akwai gurbi ba. Duk abin da kika roƙa suka ƙi, ki ce su ba ki a rubuce, sunan takardar PWN, dole su faɗi me suka ƙi, me ya sa, da wane gwaji suka dogara da shi. Ni na ga yadda magana take canjawa da zarar ka nemi takardar nan, abin da ake faɗa a waya da sauƙi ba kowa ke yarda ya rubuta shi ba. Kuma ki daina kira, ki koma imel. In ma sun kira ki, kina ajiye waya ki tura musu gajeren saƙo cewa yau mun yi magana kin ce kaza da kaza.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai shawarata ki ɗauki lauya tun yanzu, mutanen nan in ba su ga lauya ba ba sa motsi

Anti Nas:
A'a Maman 'Yan Biyu, da sauri haka? Zaman farko ne fa, in ta shigo da lauya su ma nasu za su kawo, shi ke nan an ja daga, kuma da mutanen nan za ta yi ta zama shekara da shekaru, ga kuɗi. Akwai matakai kafin nan. Ƙanwata tunda a Texas kike, ki kira Partners Resource Network, cibiyar horar da iyaye ce gwamnatin tarayya ke ba su kuɗi, kyauta suke bayani, akwai kuma SPEDTex, cibiyar bayani ta jiha, da Disability Rights Texas masu kare haƙƙin masu buƙata ta musamman in abu ya yi tsami. Sannan a nan Texas in ba ki yarda da IEP ba kina da damar a ɗage zaman a sake haɗuwa cikin kwana 10 na makaranta, a takardar sa hannu akwai wurin na yarda da wurin ban yarda ba. Abu ɗaya da za ki kula da shi, takardar izinin fara ba shi taimako karon farko daban take da yarda da abin da ke cikin IEP, in kika ƙi ba da izinin nan gaba ɗaya ba abin da zai samu. Ki sa su bambance miki su biyun a gabanki kafin biro ya taɓa takarda.

Maman Sadiq:
Allah ya saka Anti, wlh ban san daban suke ba. To ABA ɗin fa? Takardar likita ba ta isa ba?

Anti Nas:
Nan kam gara in gaya miki gaskiya tun yanzu. Dole su duba rahoton likitanki su tattauna shi, amma ba dole su bi shi ba, kuma yawanci makaranta ba ta yarda ta rubuta sunan wata hanya guda a IEP. Yawancin iyayen da na sani ta inshora suke samun ABA, Medicaid na Texas, inshorar lafiya ta gwamnati, ma ya fara biya tun 2022, sai yaro ya yi makaranta da safe ya je cibiya da rana. Kada ki ƙarar da ƙarfinki duka a kan awa 25 ɗin nan. Ki sa shi a kan minti nawa na magana, shi kaɗai ko cikin yara nawa, malami nawa ga yara nawa a ajin, da OT ɗin da suka cire.

Baban Iman:
Kan OT ɗin, ki duba rahoton gwajinsu, sun ma gwada shi ta wannan fannin? In ba su yi ba ki nema a rubuce. In sun yi kuma ba ki gamsu ba kina da haƙƙin neman IEE, wato wani masani na waje ya sake gwada shi su biya, zaɓi biyu gare su, ko su biya ko su kai maganar gaban mai sauraren ƙara su kare gwajinsu. Mu da haka muka samu OT ga Iman, ita da ko cokali ba ta iya riƙewa a lokacin amma rahoton farko ya ce ba ta buƙata.

Malam na Bronx:
Mu nan New York sunan kwamitin CPSE, kalmomin sun bambanta amma dokar ɗaya ce. Abin da zan ƙara, a 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Endrew F., yaro ne mai otizim a Colorado, ta ce ɗan ci gaba na jeka-na-yi-ka bai wadatar ba, dole shirin ya zama wanda zai sa yaro ya ci gaba daidai da halinsa. Ba sai kin je kina karanto musu shari'a ba. Tambaya kawai za ki yi, da sau biyu a sati shi kaɗai ya kai inda yake yanzu, ta yaya minti 30 cikin yara zai kai shi ga burin da kuka rubuta? Ki je da rahotannin ECI duka. Kuma ki nemi tafinta in kina so, haƙƙinki ne su kawo, ko kina jin Turanci zaman nan gudu suke da kalmomin da ko ɗan ƙasa sai ya tsaya. Ki gaya musu tun yau don samun mai Hausa yana ɗaukar lokaci.

Maman Hanifa:
Yauwa tunda an zo maganar Hausa. Ni wata ma'aikaciya ta taɓa ce min in daina yi wa Hanifa Hausa a gida wai ina rikita ta, na bi maganarta kusan shekara, gidan ya yi tsit saboda kakarta ba ta jin Turanci, ranar da muka canja mai koyar da magana ta ce min wa ya gaya miki haka, ki yi mata harshen da bakinki ya fi sakewa da shi. Har yau abin yana min ciwo. Ki tabbatar sun rubuta cewa Hausa ake yi a gidanku, in sun ƙirga kalmominsa su haɗa da na Hausa, kar a ce bai san ruwa ba don bai faɗa da Turanci ba.

Anti Nas:
Na manta wani babba. A Texas duk yaron da aka sa a rukunin otizim akwai ƙarin shafi na abubuwa 11 da dole kwamiti ya bi ɗaya bayan ɗaya, ciki har da horo a gida, horar da iyaye, yawan ma'aikata ga yara, hanyar sadarwa, da karatun lokacin hutu. Sau da yawa a ƙarshen zama ake karanta shi a guje kowa ya gaji. Ki ce a tsaya, horon gida ɗin nan shi zai ɗan maye miki gurbin zuwan 'yan ECI. Kuma duk inda kika ga an rubuta "in da buƙata" ki ce a sa lamba, minti nawa, sau nawa a sati.

Maman Sadiq:
Kai Allah ya biya ku, na karanta wa Babansa duka ya yi shiru, ya ce zai nemi hutun rabin yini mu je tare. Yanzu zan tura imel ɗin tafinta da neman cikakken rahoton gwajin. An yarda in zo da wani ban da shi?

Hajiya Babba:
An yarda, duk wanda ya san yaron kina iya zuwa da shi, ki dai sanar da su. Ki roƙi mai koyar da maganar ECI ta zo, tunda zaman farko ne in kika nema dole su gayyaci 'yan ECI. Ni ma Alhamis ba ni da komai, in zauna gefe in riƙa rubuta abin da aka faɗa ke ki ji da magana. Ki buga hotonsa babba ki ajiye a kan tebur. Turo min adireshin ta waya, ƙarfe nawa ne zaman?

Maman Sadiq:
Ƙarfe 9 na safe Hajiya, zan biyo in ɗauke ki 8 da kwata in sha Allah