Sili mai ƙwai: mu raɗa wa akwatin nan na situdiyo suna

Ƴan'uwa masu ɗaukar murya a gida, na Maradi da na ƙetaren iyaka, akwai wani akwati da kiransa ya daɗe yana ba ni wahala, kuma ina so mu raɗa masa suna mu huta. Da Ingilishi tube channel strip ake ce masa. Mu da muka yi lakwal da Faransanci mukan ce tranche à lampe, ko mu ce firi'amfili kawai mu wuce, alhali firi'amfili kashi ɗaya ne cikin ukun da ke cikinsa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, makon jiya ƙanena zai shiga Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, sai na kira shi na ce ya tambayo mini kuɗinsa wurin masu kayan sauti. Ina cewa tub, sai ya ce, “Yaya, na keke ko na babur?” Ban ga laifinsa ba, tub ɗin da ya sani na cikin taya ne. Na ɓata kusan minti goma na kati ina bayani, daga ƙarshe hoto na tura masa ta WhatsApp.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: akwatin ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, faɗinsa inci 19 kamar sauran kayan da ake ɗaurewa a kanta, gabansa cike da maɓallan murɗawa, yawanci da allura mai rawa idan ana magana. Makirfo ɗaya yake ɗauka. Muryar da ke fitowa daga makirfo ba ta da ƙarfi, ƴan milibolt ce, sai sashe na farko, wato firi'amfili, ya ɗaga ta zuwa wajen bolt 1, wani lokaci ninki dubu ke nan. Shi ne kuma ke ba makirfon kwandansa, irin wanda ba ya aiki sai an ba shi wuta, wutarsa ta bolt 48. Sashe na biyu, kwamfiresa, yana danne wurin da mai waƙa ya yi tsawa don kada ya fasa, ta yadda raɗarsa da ihunsa za su zauna kusa da juna. Na uku, ikwalaiza, shi ke rage gunjin ƙasa ko ƙara kaifin sama. Daga nan murya ta wuce katin sauti, wato na'urar da ke sada ta da kwamfuta, ta shiga kwamfuta a gyare.

Bari in fara da rabin sunan da ya fi sauƙi, wato shi tub ɗin, ɗan gilashin da ke cikin akwatin.

Su kansu masu abin ba su haɗu kan suna ɗaya ba. Amurkawa sun dubi siffarsa suka ce tube. Mutanen Ingila sun dubi aikinsa suka ce valve, don wuta hanya ɗaya take bi a cikinsa. Faransawa suka dubi haskensa suka ce lampe. To mu me zai hana mu duba da namu idon? Bututu, wanda na ga wasu suna rubutawa, fassara ce ta kalma da kalma, kuma tana ɓatar da mai ji, domin bututu buɗaɗɗe ne ta kai biyu, wannan kuwa gilashi ne rufaffe ruf da aka zuƙe iskar cikinsa. Bawul kuma ya maida mu wurin mai faci. Fitila ta fi su kusa, amma kowane akwatin sauti yana da ƴan fitilu ja da kore a gabansa, in ka ce wa ɗan kasuwa mai fitila kake so, duk abin da ke shagonsa ya shiga.

Amsar wurin wani dattijo na same ta, mutumin wajen Tibiri, wanda ya tsufa yana gyaran rediyo a gefen babbar kasuwa. Na kai masa ɗaya a cikin tsumma. Ya ɗaga shi sama wajen haske, ya juya, ya ƙirga ƙafafunsa tara da farce, sannan ya ce, “Ɗiyana, wanga ai ƙwai ne. Irinai ne cikin rediyon da munka koyi aiki da su. Sai ka kunna ka jira shi yi zahi kahin shi yi magana.” Na ce, “Baba, ashe da sunansa?” Ya ce, “To da mi ka so mu kira shi?”

Ni a nan maganar ta ƙare. Muna da ƙwan fitila, muna da ƙwan tocila, muna da ƙwan lantarki. Duk gilashi mai ɗaukar zafi, mai son lallaɓa, ƙwai Bahaushe ya kira shi. Kuma tarihi ya goyi bayan Baba. John Ambrose Fleming da ya ƙirƙiro na farko a Ingila a 1904, daga abin da aka lura da shi a cikin ƙwan lantarki ya taso. A 1906 Lee de Forest a Amurka ya ƙara masa wata ƴar raga a tsakiya, shi ya sa ya iya ƙara ƙarfin sauti. Aikin ke nan har gobe: zare ya ɗau zafi, wuta ta tashi daga ɓangaren da aka ɗumama ta nufi faranti, ragar da ke tsakani kuma, wadda muryarka ke kaɗawa, ita ke cewa ga iya abin da zai wuce. Tiransisto da aka ƙirƙiro a 1947 ya zo ya kore shi daga rediyo da talabijin, amma masu jita da masu situdiyo suka riƙe abinsu. Wanda na kai wa Baba shi ne 12AX7, Turawan Turai na ce masa ECC83, kuma har yanzu ana ƙera shi a Silobakiya da Rasha da Sin.

Sauran rabin shi ne mai gardama.

Asalin kalmar channel strip daga teburin haɗa sauti take, wato mikisa. In ka tsaya a kansa za ka ga maɓallai a jere daga sama zuwa ƙasa, kowane jeri na makirfo ɗaya. Jeri guda aka zaro aka ba shi akwatinsa, don wanda ba ya buƙatar tebur mai makirfo 24, murya ɗaya yake ɗauka a ɗakinsa. Saboda haka sunan da za mu zaɓa dole ya hau wuri uku: jerin da ke kan mikisa, akwatin da ya tsaya da kansa, da kwaikwayonsa na cikin kwamfuta.

Da na jefa muku tambayar wane suna ya dace da wannan jerin jiya da dare, shawarwari sun zo, na gode ƙwarai. Wani ya ce layi, kuma gaskiya ne masu sautin biki suna cewa layi na biyu ya mutu. Amma layin murya a kunnen mutum na yau layin waya ne. Wata ƴar'uwa mai karanta littattafai ta ce zauren murya, tunda nan baƙo ke tsayawa ya kakkaɓe ƙura kafin ya shiga gida. Hoton ya burge ni sosai, na kwana ina juya shi, sai dai zaure a intanet ya riga ya zama wurin hira. Wanda ya fi ja na shi ne murhun murya: duwatsu uku, tukunya ɗaya, wuta a tsakiya. Wallahi ya dace da akwatin kamar an auna. Amma ba za ka nuna mikisa ka ce murhu na bakwai ba, sannan in ka haɗa shi da rabin farko ya zama murhu mai ƙwai, hankalin mai ji ya tafi wurin mai shayi.

Ni sili na zaɓa. Silin kara da aka zaro daga dami, silin ashana, silin gashi: abu siriri, dogo, ɗaya daga cikin jeri, wanda in an zare shi yana nan dai irin ƴan'uwansa. Gwada shi a baki. Sili na uku ba ya fita. Ɗaga mini silin mai kalangu. Silin kwamfuta nake amfani da shi, ban sayi na ƙarfe ba tukuna. Ko'ina ya zauna. Wani ɗan'uwa daga Katsina ya ja hankalina cewa a wajensu silin shi ne rufin ɗaki na ciki, kuma maganarsa gaskiya ce. Amma cikakken sunan silin murya mai ƙwai ne, a taƙaice sili mai ƙwai, babu mai jin haka ya ɗaga kai sama.

Abin da ya sa na damu da sunan nan ya wuce son Hausa, akwai batun aljihu. Manyan irinsa, kamar Avalon VT-737sp da LA-610 na Universal Audio, kuɗinsu dubban daloli ne, dalar Amurka fa nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Waɗanda hannunmu ke iya kaiwa su ne irin PreSonus Studio Channel da ART Pro Channel II, na ƴan ɗaruruwa. Tsakanin masu arha kuma akwai bambancin da mai saye ba zai iya tambaya ba in ba shi da kalma. Ƙwan 12AX7 a tsarinsa na asali farantinsa na son wuta mai yawa, bolt 200 zuwa 300. Wasu masu ƙera na arha sukan ba shi ƴan bolt kaɗan kawai, tiransisto ya yi ainihin ɗagawar, shi ƙwan ya ɗan shafa wa muryar launi. Wannan nake so mu kira ƙwai mai yunwa. Ba haramun ba ne, yana da irin nasa sautin, wani ma yana sonsa a jita, amma ka san abin da ka biya. Na taɓa leƙa wani ta ramukan iska na ga ƙwan ya yi jawur gwanin sha'awa, da na matsa da kyau sai na ga ƴar fitila ce aka ɓoye a bayansa take haska shi. Wannan hasken na ado ne. Zaren ƙwai na gaskiya ɗan ja ne kaɗan, sai ɗaki ya yi duhu kake ganinsa sosai.

Shi ɗumin da ake ta yabo kuwa, abu ne mai dalili. In aka ɗan matsa wa ƙwai, yakan haifar da wata siririyar murya ta biyu a saman ta asali, mai ninki biyu na kaɗawarta, wadda kunne ke ji kamar kauri. Na ji shi ƙarara ranar da muka ɗauki wani mai bege da siririyar murya: ana murɗa maɓallin ƙwan a hankali, sai muryar ta cika kamar ya matso kusa da kai. Aka ƙara murɗawa, ta koma ƙazanta. Tazarar da ke tsakani ba ta kai faɗin yatsa ba. Kuma in ɗakinka na amsa kuwwa, ko fanka na kaɗawa, ko babura na wucewa ta taga, sili mai ƙwai zai ɗaga su ne tare da muryar. Katifa da labule masu kauri su ne gaba da shi a layin saye.

Tunda a Maradi muke, ƙwai zafi yake fitarwa, mu kuma a watan Afrilu da Mayu muna haura digiri 40. Kada a ɗora masa komai a kai, a bar masa wurin shan iska, a lulluɓe shi bayan ya huce saboda ƙurar hunturu. A kunna shi ƴan mintuna kafin a fara ɗauka, kamar yadda Baba ya faɗa. A duba bayansa kafin a soka: kuranmu bolt 220 ne, na Amurka 120, kuma na ga na wani abokina da aka aiko masa daga can ya yi hayaƙi a daren da ya iso. A sa masa na'urar daidaita wuta, musamman in da injin ake aiki. Kada kuma wanda bai iya ba ya buɗe shi, don yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya.

Saura kwamfiresa, wanda shi ma ke kai mutane wurin mai gyaran firij. Ina da wata kalma a raina, amma ina so in fara jin taku.

Ɗazu na sake kiran ƙanena kafin ya shiga mota. Na ce ya tambayi sili mai ƙwai na makirfo ɗaya, ya nuna hoton, ya tambaya ko ƙwan mai yunwa ne, sannan ya juya bayansa ya karanto mini lambar wutar. Ya maimaita mini duka huɗun ba tare da na sake faɗa ba.